Mu uku, amsa uku: wa ya yi daidai a wannan intigiral ɗin?

Ƙanenku daga Agege:
Assalamu alaikum yayyena da malamaina. Ina aji biyu a fannin injiniyanci a Akoka, Legas, gardama ce ta hana mu barci ni da abokan karatuna biyu. Tambayar ita ce ∫ dx/(2 + cos x), daga 0 zuwa 2π. Ni na sa t = tan(x/2), na samu (2/√3) arctan(tan(x/2)/√3), na zuba iyakokin biyu, amsa ta fito 0. Ɗaya ya danna a kalkuleta ya samu kusan 2.1. Na ukun ya dage a kan 3.63 ne, amma ya kasa nuna mana inda na kauce. Jarrabawa ranar Litinin ce. Don Allah a raba mu.

Malamin lissafi, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin ka taɓa biro, dubi abin da kake tarawa. Cos x ba ya wuce 1, ba ya yin ƙasa da −1, saboda haka 2 + cos x yana yawo ne tsakanin 1 da 3, shi kuwa 1/(2 + cos x) tsakanin 1/3 da 1. Ko sau ɗaya bai taɓa sifili ba, balle ya nutsa ƙasa. To faɗin da ke ƙarƙashin zanen dole ya kasance tsakanin 2π/3 da 2π, wato 2.09 zuwa 6.28. Sifili ya fita tun a nan.

Musanyarka lafiya lau take: cos x = (1 − t²)/(1 + t²), dx = 2dt/(1 + t²), sai komai ya narke ya koma 2dt/(3 + t²). Inda ka zame shi ne x = π. A daidai wurin tan(x/2) ya zama tan(π/2), wanda ba shi da ƙima. Kana matsowa ta hagu t na haurawa +∞, kana ƙetarewa ya faɗo daga −∞. Ke nan amsar da ka samu mai arctan ɗin nan tana yin tsalle a π, daga π/√3 zuwa −π/√3, kuma ƙa'idar "zuba na sama, cire na ƙasa" ba ta aiki sai amsar ba ta yanke ba a duk tsawon tazarar. Abin da tsallen nan ya haɗiye, 2π/√3, shi ne ainihin amsarka da ta ɓata.

Gyaran: raba shi biyu. Daga 0 zuwa π, t na tafiya daga 0 zuwa +∞, ka samu (2/√3)(π/2) = π/√3. Daga π zuwa 2π, t na tahowa daga −∞ zuwa 0, ka sake samun π/√3. Jimilla 2π/√3, kusan 3.6276. Abokinka na uku ne da gaskiya.

Injiniya, Apapa:
Malam ya gama magana. Saura mai 2.1, shi kuma kalkuletarsa tana kan digiri ne. Ta ɗauki 2π a matsayin digiri 6.28, kusurwa 'yar mitsitsiya da cos ɗinta kusan 1 ne, sai ta tara 1/3 sau 6.28. Idan Casio fx-991ES ce, ya duba saman gilashin zai ga ƙaramin D. Ya danna SHIFT, MODE, sannan 4, D ta koma R, ya sake. Duk intigiral mai sin ko cos da radiyan ake yinsa.

Yayarku daga Obalende:
Ƙanena, riƙe wannan gwajin na minti biyu don ɗakin jarrabawa. Ɗauki wurare huɗu: 0, π/2, π, 3π/2. Ƙimominsu 1/3, 1/2, 1, 1/2. Tara, 7/3, ninka da tazarar π/2, ka samu 3.665. Idan ka ƙara zuwa wurare takwas za ka samu 3.6278, bambancinsa da amsar gaskiya sai a lamba ta huɗu bayan ɗigo. Wannan hanya tana kamawa da sauri haka ne saboda abin yana maimaita kansa duk bayan 2π kuma ba shi da karaya. Kuma ka san wannan: idan a ya fi |b|, ∫ dx/(a + b cos x) daga 0 zuwa 2π daidai yake da 2π/√(a² − b²). Sa a = 2, b = 1 ka gani. Amma don duba aikinka kawai, mai maki matakai yake nema.

Ƙanenku daga Agege:
Allah ya saka da alheri. Amma Malam, na yi wa amsata difarenshiyeshan ta mayar da ni 1/(2 + cos x) cif. Ta yaya za ta zama kuskure?

Malamin lissafi, Idi-Araba:
Daidai take a hagun π, daidai take a damansa, sai dai kowane ɓangare da nasa C, wato lambar nan marar canzawa da ake ƙara wa amsar intigiral, kuma difarenshiyeshan ba ya ganin C. Idan kana son wadda ba ta yankewa ko'ina, ga ta: (1/√3)[x − 2 arctan(sin x/(2 + √3 + cos x))]. Na ƙasan nan ba ya taɓa zama sifili, don haka babu tsalle. Zuba 2π, sin ya zama 0, ka tsaya a kan 2π/√3 kai tsaye.

Musanyar nan ta t = tan(x/2) da ake jingina wa masanin lissafi Weierstrass, wani masanin, Euler, ya riga ya yi aiki da ita a 1768 a kan wannan nau'in intigiral ɗin. Duk lokacin da ka ɗauko ta, fara duba ko π, 3π ko −π sun faɗo cikin iyakokinka. In sun faɗo, yanka a wurin. Yau da dare gwada 1/(5 + 4 cos x) daga 0 zuwa 2π, ya kamata ka samu 2π/3. Turo mana matakanka mu duba.