Rijiyar mai a ƙasan teku: "toshewa" kaɗai ba ta isa ba, mu nemo sauran kalmomin

Jama'a ina so mu tsaya kan wasu kalmomi. Duk sanda aka zo labarin rijiyar mai da ta kufce a ƙasan teku, abin da muke faɗa da Hausa bai wuce "tana yoyo" da "an toshe ta" ba, alhali masu aikin suna da dabaru iri-iri kowacce da sunanta, wata ma ba toshewa take ba sam, kwasar man kawai take yi yana ci gaba da fita. In muka kira su duka toshewa to mun rufe wa mai sauraro ido, zai ɗauka an gama alhali ba a fara ba.

Misalin da ya fi dacewa mu auna kalmomin da shi shi ne rijiyar Macondo ta kamfanin BP a Tekun Meksiko, gaɓar jihar Luwiziyana ta Amurka. Dandalin haƙa na Deepwater Horizon ya yi bindiga ranar 20 ga Afrilu 2010, mutum 11 suka rasu, bayan kwana 2 ya nutse, mai ya yi kwana 87 yana fita daga zurfin kusan mita 1,500, inda ba ɗan adam da zai iya nutso ya kai, sai na'urorin nutso da ake sarrafawa daga jirgi.

Ita yoyo ɗin ma ban yarda da ita ba. Yoyo ɗiga ne, tsiyaya ce. Abin da Turawa ke kira bulo'awut kuwa mai da gas ne ke tunkuɗowa daga cikin dutse da ƙarfin kansu, sun fi ƙarfin abin da aka danne su da shi. Wasu suna cewa fashewar rijiya, amma fashewa tana sa mutum ya hango wuta da ƙara, kuma rijiya na iya kufcewa ba wuta. Ni dai na tsaya kan ɓallewar rijiya, yadda muke cewa dam ya ɓalle.

Abin da ake danne su da shi laka ce ta musamman mai nauyi, ana haɗa ta da garin wani ma'adini barayit, a cika ramin da ita tun daga ƙasa har sama, nauyinta ne ke hana man tasowa. Wannan mu ce mata lakar haƙa ya wadatar, ba sai mun wahala ba. Amma a riƙe wannan bayanin domin duk sauran kalmomin a kansa suka rataya.

A bakin rijiyar kuma akwai wani ƙaton ƙarfe mai hawa-hawa da ake kira BOP a taƙaice, cikinsa akwai muƙamuƙai da za su datse bututu su rufe rami in abu ya ɓaci. Na Macondo bai rufe ba, bincike ya nuna bututun ya lanƙwashe ya goce daga tsakiya, muƙamuƙan ba su iya datse shi yadda ya kamata ba. Ga wannan ina ganin makarin ɓallewa ya zauna daram, tunda makari abin da ake tanada ne tun kafin sharri ya iso.

To yanzu dabarun kansu. Ni na ga sun kasu ne gida uku, tarewa, rufewa, kashewa, kuma wallahi in muka samu waɗannan ukun suka zauna a bakin masu labarai ko sauran ba su zauna ba mun ci riba.

Tarewa, wato a tari man da ke fita a kai shi jirgi. Farkon watan Mayu aka sauke wani akwatin ƙarfe mai tsayin bene hawa 4 aka kifa kan wurin da man ke fita, da bututu a samansa. Kifaffen mazurari nake kiransa domin aikinsa kenan, faɗi a ƙasa tsukuku a sama. Bai yi aiki ba, kuma dalilin abin mamaki ne, a wannan zurfin sanyi da matsin ruwa suna sa gas ɗin metan ya haɗu da ruwa ya daskare, sai wannan ƙanƙarar gas ta cushe wuyan mazurarin, ga ta kuma ba nauyi har tana neman ɗaga shi sama. Kamfanin Pemex na Meksiko ma ya gwada irinsa a rijiyar Ixtoc a 1979, su suka kira nasu sombrero, sunan malafarsu, rijiyar kuma sai a Maris 1980 aka shawo kanta. Duk wannan babu toshewa a ciki, ko da ya yi aiki ɗari bisa ɗari rijiyar tana nan a buɗe.

Kashewa ita ce a mayar da nauyin laka cikin ramin har man ya kasa tasowa, sannan a bi da siminti. Su ma masu aikin kisa suke cewa da harshensu, kuma Hausa ta karɓa ba gardama tunda muna kashe wuta muna kashe inji. Akwai wanda suke kira tof kil, aka gwada daga 26 ga Mayu, ana tura laka ta bakin rijiyar alhali man yana fitowa da ƙarfinsa, kamar mai son ɗura ruwa cikin tiyon da ke feshi, yawancin lakar sai ta dawo waje tare da man. Kwana 3 aka haƙura. Wannan kisa ta baki. A cikinsa ne aka harba guntayen taya da ƙwallayen golf da ƙullin igiya cikin makarin don su maƙale su rage hanyar fita, wanda ni ban ga sunan da ya fi ɗurin tarkace ba, kuma shi ma bai kama ba.

Rufewa ta zo ne a Yuli. Aka kwance ragowar bututun da ke saman makarin aka ɗaura sabon murfi mai bawul-bawul, aka riƙa rufe su ɗaya bayan ɗaya ana duba matsi don tsoron kar man ya fasa ta gefen ramin ya ɓullo ta ƙasan teku inda ba mai iya tare shi. Ranar 15 ga Yuli man ya tsaya. Murfin matsi nake so mu ce, ba murfi kawai ba, domin mazurarin ma murfi ne a ido, bambancin shi ne wannan yana riƙe ƙarfin rijiyar. Bayan nan, farkon Agusta, aka sake tura laka da siminti ta sama, wannan karon ya yi domin man a tsaye yake. Kisa bayan rufi kenan.

Wadda ta fi ba ni aiki ita ce rilif wel. An saba fassara ta kai tsaye a ce rijiyar agaji, ni kuma ina ganin tana ɓatar da mutane, sai su ɗauka rijiya ta biyu ake haƙawa don man ya rabu biyu ƙarfinsa ya ragu. Ba haka ba ne ko kaɗan. Ana fara haƙa daga nesa ne a karkace, a yi ta tafiya kilomitoci cikin dutse, ana laluben bututun ƙarfen tsohuwar rijiyar da na'urar maganaɗisu har a huda shi can kusa da tushe, sai a tura laka da siminti daga nan, inda nauyin lakar zai yi aiki sosai. Abin da ake nema ɗin faɗinsa bai kai taku ɗaya ba. A rijiyar Montara ta Ostireliya da ta ɓalle a 2009 sai a gwaji na 5 aka same shi. Ta Macondo an fara ta 2 ga Mayu, sai tsakiyar Satumba ta iso, ranar 19 ga Satumba Thad Allen da ke jagorantar aikin daga ɓangaren gwamnatin Amurka ya sanar rijiyar ta mutu. Don haka ni rijiyar tare hanya nake ba da shawara, aikin da take yi kuma kisa ta tushe, sunan ya tafi tare da kisa ta baki.

Wanda ke ganin rijiyar ceto ta fi sauƙi a baki ba zan yi masa musu sosai ba, ta fi agaji nesa ba kusa ba, sai dai ba ta gaya wa mai ji cewa tsohuwar rijiyar ake bi a huda ba, shi ya sa nake riƙe da tare hanya.