Crusader Kings III: zinariya na ƙarewa kafin yaƙi ya ƙare

Ɗan Birni: Salamu alaikum 'yan zaure. Masu buga Crusader Kings III, wasan kwamfuta na mulkin daula, shawara nake nema. Na ɗauki Daurama ta Daura a wasan da ke farawa a shekarar 867, na cinye ƙananan ƙasashen da ke kewaye, yanzu jikanta ne ke kan gado. Duk yaƙin da na shiga, kafin makin yaƙi ya kai 100 da ke ba da cikakkiyar nasara, baitulmali ya bushe, hakimai kuma sun fara haɗa baki. Ga Kanem ta gabas ta fi ni mayaƙa. In ƙara dakaru, ko in yi gini, ko in nemi ƙawance?

Barde: Wa alaikumus salam. Tunda har yanzu kana tsarin ƙabila, dakarun dindindin da martaba (makin girma da sarki ke tarawa a wasan) ake ɗaukarsu, ba da zinariya ba. Don haka ka riƙa kai hari. Ka dubi maƙwabcin da rundunarsa ta tafi wani yaƙin, ka shiga ka kwashi ganima ka dawo gida. Zinariya da martaba duk za ka samu, wani lokacin har da fursunan da za a biya fansarsa.

Ma'ajin Zaure: Barde, hari na da amfani, amma ba nan ciwon yake ba. Ɗan Birni, ka ɗora linzamin kwamfuta a kan adadin zinariyar da ke saman allo ranar da rundunarka ke gida, ka sake dubawa ranar da ka tara ta. Za ka ga kuɗin shiga na wata ya koma ja. Mayaƙan gayya ba sa cin komai suna gonakinsu, sai an kira su. To kowane wata da ka ƙara a filin daga, asara ce. Abin da ke ja da yaƙi kuwa shi ne zaman kewaye ganuwa, shi ya sa runduna ɗaya ta majajjawar rusa ganuwa, da zarar al'adarka ta gano ta, ta fi maka ƙarin mahaya. Kada ka tara kowa da kowa don ɗan ƙaramin hakimi. Kuma ranar da aka sa hannu a sulhu, a ranar za ka sallami runduna. In ka faɗa bashi, wasan ba zai bar ka ka ƙaddamar da sabon yaƙi ba, mayaƙa su ragu, hakimai su raina ka.

Ɗan Birni: Yaya Ma'aji, to ginin fa? Shekaru yake ɗauka kafin ya mayar da kuɗinsa.

Ma'ajin Zaure: Wasan sai 1453 yake ƙarewa, kana da lokaci. Amma ka gina a babban birninka da garuruwan da ka tabbata magajinka zai gada. Wanda za a raba wa ƙannensa, bar shi.

Gimbiya: Ni maganar hakiman ce ta fi damuna, don su ne ke rusa daula ba Kanem ba. Masu tawaye suna fara ƙirga ranar kawo maka wa'adi ne idan ƙarfinsu ya haura kashi 80 cikin 100 na naka. Kenan duk sanda ka dawo daga yaƙi da runduna a ragargaje, kai da kanka ka buɗe musu ƙofa. Babban hakimin da ka hana kujera a majalisa, 40 yake ragewa daga ƙaunar da yake maka. Ba shi kujerar ko da bai kai wani gwaninta ba, in dai ba ta leƙen asiri ba ce, wannan sai wanda ka amince da shi. Wanda ya fi kowa mayaƙa kuma, haɗa aure da gidansa. Hakimin da kuke ƙawance ba ya iya shiga tawaye.

Barde: Auren ƙawance ai kaifi biyu gare shi, Gimbiya. Yau ya zo maka, gobe ya kira ka yaƙin da ba ruwanka, in ka ƙi martabarka ta zube. Mu kuwa martaba ce kuɗin dakarunmu.

Gimbiya: Haka ne, shi ya sa ba a yi da kowa. Ka duba mutum kafin ka ba shi 'ya: maƙiya nawa gare shi, kuma rundunarsa za ta iya isowa kafin a gama? Sarkin da ke bayan Sahara sunansa kawai za ka samu. Sunan ma yana aiki, don kwamfuta na lissafa abokan ƙawancenka kafin ta far maka. Ni da Kanem ɗin kanta zan fara neman auren, in huta da gabas, in fuskanci yamma inda ma'adinan zinariya na yankin Mali suke.

Malam Na Gefe: Ku ƙara masa da ranar rasuwar sarki. A tsarin gadon da ƙabilu ke farawa da shi, ƙasa rabuwa take tsakanin magada, har wasan ya ƙirƙiro sarautu ya miƙa wa ƙanne. Sabon sarki ya hau da rabin ƙarfi, hakimai ba su saba da shi ba, ƙawancen uban ma wani ya warware. In sarkinka ya haura 55, daina gini, ka tara. Kuɗin nan su ne kyautar da za ka tura wa hakimai biyu ko uku, su ne na sojojin haya, waɗanda kwangilarsu shekara 3 ce kuma ana lissafa su cikin ƙarfinka. Sau da yawa hayarsu kaɗai na mayar da masu tawaye ƙasa da 80 ba tare da an zare takobi ba.

Ɗan Birni: Na gode ƙwarai. Sarkina 52 yake. Akwai tsagaita wuta tsakanina da maƙwabcin kudu, saura shekara 2, kuma rundunarsa ta raunana. In karya?

Malam Na Gefe: Kada ka karya, ɗan'uwa. Shekara 5 ce gaba ɗaya, ka riga ka ci 3. Martabar da za a cire maka ta fi garin daraja, kuma kowa zai ƙi ka. Yi hari a wani gefen kafin lokacin ya cika.

Barde: Kuma in an fara yaƙin ka kama magajinsa, kada ka karɓi fansa nan take ko da baitulmali na kuka. Riƙe shi yana ƙara maka makin yaƙi. In sarkin kansa ka kama, tura sharuɗɗanka a take, yaƙi ya ƙare ke nan.