Ina da digiri tun kafin in shiga soja, ina son ƙara na akanta ta hanyar CLEP: wace hanya ce ta fi sauƙin kuɗi?

Saje_Riley ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata shida a rundunar sojan ƙasa ta Amurka, yanzu ina Fort Riley da ke jihar Kansas, aikina kula da kayan sito. Saura mini shekara biyu da 'yan watanni kwantiragina ya ƙare, kuma ni da maiɗakina mun gama shawara ba zan sabunta ba. Ina da digirin farko a fannin tarihi tun kafin in sa kaki. Ina son tarihi har gobe, amma duk aikin da na duba wanda zai riƙe ni da yara uku, takardar akanta yake nema.

CLEP jarrabawa ce da in mutum ya ci, jami'a za ta iya ba shi kiredit, wato makin kammala darasi, ba tare da ya zauna aji ba. Na riga na ci guda biyu a cibiyar ilimi ta bariki, ta gudanarwa da ta tallata haja, ban biya ko sisi ba. Ranar ta farko ina danna maɓallin ƙarshe sai ga 58 a allon kwamfuta, alhali 50 ake nema. Wallahi sai da na zauna a mota kusan minti goma kafin in iya tuƙi, don murna. Shi ne ya sa nake tunanin in tara kiredit ta wannan hanyar har in samu wani digirin farko a akanta. Na ji sunan jami'o'i uku da aka ce suna karɓar irin wannan sakamakon da yawa: Thomas Edison a New Jersey, Excelsior a New York, da Charter Oak a Connecticut. Wacce zan nufa? Abin da zan iya warewa a wata ba ya wuce dala 200.

TsohonKofur ya amsa:

Wa'alaikumus salam ƙanina. Barka da ƙoƙari. Kafin ka zaɓi jami'a, akwai abin da nake son ka sani tun yanzu don kada ya zo maka ba zata: tallafin karatu na soja, wato TA, ba ya biyan digirin da yake daidai da wanda kake da shi. Dala 250 da TA ke biya kan kowane kiredit ana ba ka ne don ka hau mataki na gaba. Kai kuma kana da digirin farko, wani digirin farkon kake nema. Tallafin Pell, wanda gwamnatin tarayya ke ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, shi ma ya rufe maka ƙofa saboda dalili ɗaya. Jarrabawa kam DANTES, hukumar da ke tallafa wa karatun sojoji, za ta ci gaba da biya maka zaman farko na kowacce, CLEP ko takwararta DSST, amma duk kwas ɗin da dole sai ka yi shi a hannun jami'ar, daga aljihunka zai fita, ko ka taɓa GI Bill ɗinka, wato tallafin karatun da gwamnati ke ba waɗanda suka yi aikin soja.

Na biyu, CLEP darussan shekarar farko da ta biyu take rufewa. A akanta guda ɗaya tak gare ta, ta matakin shiga. Na tsakiya da na sama, irin su binciken asusu da haraji da lissafin kuɗin sarrafa kaya, babu su a CLEP, kuma su ne ƙashin bayan digirin. DSST za ta taimaka maka da irin su ƙididdiga da harkar kuɗi da ɗa'ar kasuwanci, amma ita ma ba za ta kai ka can ciki ba.

Ni abin da ya faru da ni ke nan, har yau yana ci mini rai. Na zauna jarrabawa tara cikin wata goma sha ɗaya, ina karatu da asuba kafin motsa jiki, littafi a kan injin wanki. Da na aika wa wata jami'a sakamakon, huɗu kawai suka shiga tsarin digirin. Sauran biyar aka ce sun maimaita abin da nake da shi tun da. Da na nemi tsarin a rubuce tun farko, da ban yi asarar waɗannan asubahin ba. Ka aika musu takardar sakamakon tsohon digirinka da JST ɗinka, wato takardar da ke nuna horon da ka samu a soja, su rubuto maka abin da ya rage, layi bayan layi. Sai bayan nan ka zauna jarrabawa ta uku.

Maman_Hanifa ta amsa:

Malam Saje, ni a rundunar ruwa na yi aiki, yanzu ina sashen kuɗi na wata ma'aikatar gwamnatin tarayya. Tambayata gare ka: digirin kake buƙata, ko aikin? Don idan aikin akanta na tarayya kake hari, rukunin da ake kira 0510, abin da suke ƙirgawa shi ne kiredit 24 a darussan akanta, kuma ana yarda har 6 daga ciki su zama na dokar kasuwanci. Ka karanta sharuɗɗan da kanka da kyau, amma ka ga lissafin ya canza. Kiredit 24 kwas takwas ne kawai.

Abin da ni zan yi a matsayinka shi ne in duba digiri na biyu, mastas nake nufi, tunda shi TA yana biya. Akwai jami'o'in da ke karɓar wanda ya yi wani fanni daban idan ya cike darussan share fage, kuma a nan ne CLEP ɗinka za ta yi maka rana in sun yarda da ita. Sai dai ka sani kiredit ɗin mastas sau da yawa ya fi dala 250, cikon kai za ka yi. Kuma idan makinka ya gaza B, kuɗin gwamnati sai ka mayar. Da yara uku da fita atisaye, kada ka ɗauki kwas biyu a zango ɗaya don gaggawa.

GI Bill kuwa ina roƙonka ka yi tunani sosai kafin ka taɓa shi yanzu. Wata 36 ne gaba ɗaya, kuma muddin kana cikin aiki ba za su ba ka kuɗin haya da ke tare da shi ba. Bayan ka ajiye kaki ne yake da albarka.

Ɗan_Sama ya amsa:

Ranka ya daɗe Saje, ban ƙi ta Hajiya ba, amma bari in ɗan tsaya wa digirin farkon. Ba kowa ne ke son tsalle zuwa mastas ba tare da tushe ba, kuma mai digiri ba ya sake kiredit 120 daga farko, darussan gama-gari an riga an ɗauke masa su. Ni Thomas Edison na bi, kuma abin da ya ja ni shi ne suna da jarrabawar kansu, TECEP, wadda ke rufe wasu darussan da CLEP ba ta da su. Duk ukun da ka ambata suna da cikakkiyar amincewar hukumomin tantance jami'o'i. Bambancinsu yana wajen kuɗin rajista da yawan kwas ɗin da dole ka yi a hannunsu, kuma waɗannan suna canzawa, don haka kundin bana za ka duba, kada ka dogara da labarina.

Wajen shiri, wata ƙungiya mai suna Modern States tana da darussan CLEP kyauta a intanet. Kuma kada ka shiga ɗakin jarrabawa da niyyar gwaji. In ka faɗi CLEP, sai ka jira wata uku, zama na biyun kuma kai za ka biya.

Saje_Riley ya sake rubutawa:

Allah Ya saka muku da alheri. Yaya Kofur, maganar TA ta taɓa ni ƙwarai, don duk lissafina a kanta na gina shi. Yau da rana na je cibiyar ilimi, mai ba da shawara ta buɗe shafina a ArmyIgnitED, dandalin neman TA na sojan ƙasa, ta tabbatar mini haka ne. Da na dawo muka baje takardu a teburin cin abinci ni da maiɗakina, ita da biro, ni da waya, muka ga dala 200 a wata na shekara biyu dala 4,800 ke nan. Ban yi tsammanin za ta kai haka ba.

Na fasa jarrabawar tattalin arziki da na yi niyyar zama ranar Alhamis. Na nemi a tura JST ɗina zuwa biyu daga cikin jami'o'in, gobe kuma zan rubuta wa tsohuwar makarantata. Hajiya Maman Hanifa, don Allah in ba damuwa, kiredit 24 ɗin nan, lokacin da aka ɗauke ki aiki sun ƙirga miki wanda aka samu ta jarrabawa, ko sai wanda aka zauna aji?