Akwatin UV na mai aski zai iya tsabtace takunkumin N95?

Ɗan Agege:
Salamu alaikum. Injin niƙa nake ja a Agege, ƙurar gari ta sa kullum ina cikin takunkumin fuska na N95, ga tsada. Mai askina yana da akwatin fitilar UV da yake saka kilifa don kashe ƙwayoyin cuta. In na saka takunkumina ciki, zan iya maimaita shi?

Maman Hauwa, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Aikin jinya nake. Hasken UV-C, wato nau'in UV da ake tsabtace kaya da shi, yana kashe ƙwayoyin cuta, amma inda ya taɓa kawai. Lungun ninki da ƙarƙashin igiya suna tsira. Asibitocin da suka yi haka lokacin korona a 2020 sai da suka auna ƙarfin hasken, suka haska ciki da waje. Akwatin aski wa ya auna shi? Kuma yawan haskawa yana raunana igiyar, takunkumin ya daina kama fuska. Damuwarka ma ƙura ce, haske ba ya fitar da ita. Da numfashi ya fara nauyi, don Allah ka canza.

Baban Sadiq:
Kada ka wanke shi da sabulu ko sanitaiza, cajin lantarkin takunkumin da ke riƙe ƙurar zai tafi.

Ɗan Agege:
Na gode, Yaya. Takunkumi mai robar da ake canza wa matatar iska fa, a Idumota zan samu?