Intanet ta wayar wutar lantarki, zai yiwu ko mu haƙura?

SabonLantarki:
Salam ƴan uwa. Don Allah masu ilimin abin ku taimaka min. Ina aiki da wata ƙungiya da ke kula da ƙaramin layin wuta na karkara, gidajen a warwatse suke, kuma mutane sun matsa suna son intanet mai ƙarfi. Shi ne a taronmu wani ya kawo shawara wai tunda waya ta riga ta shiga kowane gida me zai sa mu sake kashe kuɗin ja wata, mu tura intanet ɗin ta cikinta kawai, an ce ana yi a waje. Ni aka ɗora wa rubuta tsarin, kuma gaskiya abin ya shiga raina sosai don ina da irin adaftan nan guda biyu da ake sokawa a soket, ɗaya kusa da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ɗaya a ɗaki, kuma suna min aiki. To tambayata, daga ina ake farawa, wane kaya ake buƙata, kuma in abin na da kyau haka me ya sa ba a jin labarinsa yanzu?

InjiniyaTaransifoma:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ke ɗakinka da abin da kuke son yi dangin juna ne amma ba ɗaya ba ne. Wutar da ke cikin waya tana kaɗawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa, wato haz 50 ko 60, shi kuma sigina na intanet ana ɗora shi ne a can sama, kamar daga megahaz 2 zuwa 30 (megahaz ɗaya haz miliyan ɗaya ne), shi ya sa suke tafiya a waya ɗaya ba sa cin juna. A cikin gida tafiyar ƴan mitoci ce, ba matsala. Da ka fita waje labari ya canza.

Babban abokin gabarka taransifoma. An ƙera ta ne don haz 50 ko 60, sigina mai megahaz in ya iso wajenta kusan mutuwa yake yi, sai ka sa masa kofla da zai tsallake da shi daga babban layi zuwa ƙaramin da ke shiga gidaje, kuma kowace taransifoma sai an yi mata nata. Don haka kafin ka rubuta komai je ka ƙirga, gida nawa ne a bayan kowace taransifoma? A Turai ɗaya tana iya ɗaukar gida sama da 100, kuɗin ya rabu a kansu. A Amurka sau da yawa ƴan gidaje ƙalilan ne a kan ɗaya, wani lokacin ma gida ɗaya tal, wannan na cikin abin da ya karya lissafin a can. Kai da ka ce gidajenku a warwatse suke ina jin tsoron kana ɓangaren na biyu.

Sai rifita. Sigina yana raunana a hanya, duk bayan ƴan ɗaruruwan mitoci sai ka rataya wata na'ura a falwaya ta karɓa ta sake turawa, ita ma tana son wuta, tana shan rana da ruwa da tsawa, kuma duk tsallake ɗaya gudun yana raguwa, sannan duk gidajen da ke layin raba gudun suke yi tsakaninsu. Kar ka manta kuma wayar wuta ba ta kai ka intanet da kanta, dole dai akwai inda za ka kawo intanet ta faiba, wato wayar gilashi da ke ɗaukar sigina da haske, ko ta rediyo ka zuba a layin. Mutane suna cewa ai waya na nan kyauta, eh tana nan, amma ita ce mafi arha a duk aikin.

GajerenZango:
Injiniya ya faɗi gaskiya, bari in ƙara abin da ya fi damuna ni. Wayar wuta tsirara take, ba ta da rufin da ke tsare sigina kamar kebul na talabijin, to da ka zuba mata megahaz sai ta zama eriya mai tsawon kilomitoci. Kuma wannan zangon na 2 zuwa 30 shi ne daidai gidan rediyon gajeren zango, da masu rediyon sha'awa, da wasu layukan jiragen sama da na ruwa. Malam SabonLantarki gwada da kanka yau, ɗauki ƙaramin rediyo ka murɗa shi gajeren zango ka tsaya kusa da adaftanka lokacin da ake sauke babban fayil, za ka ji wani ƙirrr yana hawa kan tashar, ka zare adaftan ya ɗauke. Yanzu ka ƙaddara wannan a kan layin gari guda.

Ba sabon rikici ba ne. A Ingila kamfanin Nor.Web ya gwada intanet ta wayar wuta a Manchester, aka rufe shi a 1999. A Amurka hukumar sadarwa ta FCC ta fitar da dokokin wannan fasahar a 2004, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ARRL ta kai ta kotu, a 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar wa hukumar da batun ta sake dubawa. Maganin da ake yi shi ne a toshe wasu zangunan kar na'urar ta taɓa su, amma duk abin da ka toshe daga gudunka ka cire. Don Allah in za ku yi, ku fara zuwa wajen hukumar da ke raba zangon rediyo a ƙasarku kafin ku sayi ko ƙusa ɗaya.

SabonLantarki:
Na gode ƙwarai manya. Injiniya na duba taswirar layinmu, gaskiya yawanci gidaje kaɗan ne a kowace taransifoma, jikina ya ɗan yi sanyi. Amma ba wanda ya taɓa cin nasara ne sam?

MamanMita:
Ƙanena an yi ƙoƙari sosai fa, kuma da kuɗi masu nauyi. Garin Manassas a jihar Virginia ta Amurka ya shimfiɗa shi gari guda a 2005, a 2010 suka kashe shi don masu biya ba su kai ba. Kamfanin Current wanda har Google ya zuba wa kuɗi a 2005 ya ja layi a Dallas, a 2008 kamfanin wutar Oncor ya saye layin ya mayar da shi na kula da wutarsa, ba sayar wa gidaje intanet ba. Wanda ya fi kama da naku shi ne kamfanin IBEC na Amurka, su karkara suka nufa tare da ƙungiyoyin wuta na manoma, guguwar 2011 a Alabama ta lalata musu kaya, farkon 2012 suka rufe. Kafin ma ƙa'idar IEEE 1901 ta intanet a wayar wuta ta fito a 2010 faiba da intanet na wayar hannu sun riga sun wuce shi.

Amma ni aikina mita ne kuma kullum da wannan fasahar nake aiki, ba ta mutu ba, wajen zamanta ta samu. Karanta mita daga nesa ba ya son gudu, ƴan lambobi ne a rana, ana tura su a ƙananan zanguna ƙasa da kilohaz 500 inda sigina ke tafiya nesa. Kamfanin wutar Enel a Italiya ya sa mitoci wajen miliyan 30 a haka tun shekarun 2000, Faransa ma mitocin Linky ta wayar wuta suke magana. Ko a nan ɗin ma hayaniyar layi na ba mu wahala, na taɓa bin wasu mitoci da ke ɓacewa kullum da yamma su dawo da safe, muka yi ta zargin kayanmu, ashe wata inbata ce mai arha a gida ɗaya take cika layin da hayaniya da zarar an kunna ta. Injin walda, tsohon firji, cajar waya, insuleta da ta tsage tana tartsatsi, duk haka suke yi, kuma ba ka da iko da abin da mutum zai soka a soket ɗinsa. Mita in ta kasa yau gobe za ta aiko, mai kallon bidiyo kuwa a take zai kira ka.

InjiniyaTaransifoma:
Hajiya ta gama magana. Ɗan'uwa dukiyarku ba wayar ba ce, falwayoyin ne da hanyar da suka bi, wanda duk mai ja faiba sai ya biya kafin ya samu ku kuna da shi. Akwai faiba da ba ƙarfe a jikinta sam, ana rataya ta a falwayar wuta ƙasa da layin, kamfanin wutar garin Chattanooga a Amurka ma ya ja faiba har gudunsa ya kai gigabit 1 a daƙiƙa a 2010. In kuɗin bai kai kowane gida ba ku kai ta tsakiyar kowane rukunin gidaje ku ƙarasa da rediyo, adaftan soket kuma a bar shi cikin gida ko bene inda yake da amfani. In kuma shugabanninku sun dage sai wayar wuta, ka nemi su yarda da gwaji a taransifoma ɗaya wadda ta fi yawan gidaje, a auna gudun safe da dare, rani da damina, kafin a sa hannu a komai. Turo min adadin falwayoyin da tazarar da ke tsakaninsu in taya ka lissafin faibar.