Neman shawara: a f7 aka karya ni a gasar ches

Mai Doki: Salamu alaikum 'yan'uwa. Gasar kulob ɗinmu ce, zagaye na uku, minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane taku. An fara a makare, agogon aro ne, abokin karawar tawa kuma yaro ne da bai daɗe da shigowa ba. Ni ke da baƙaƙen kaya (a rubutun, N doki ne, B bishof, Q sarauniya, K sarki, x ci, + hari kan sarki): 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Nf6 4.Ng5 d5 5.exd5 Nxd5 6.Nxf7 Kxf7 7.Qf3+ Ke6 8.Nc3 Nd4. Sauran ban rubuta ba. Ranar Asabar za mu sake haɗuwa. Ina aka samu matsala?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, tun taku na 5 ka faɗi. Ba a cin d5 da doki. 5...Na5 ake yi, a taɓa bishof ɗin c4. Sai 6.Bb5+ c6 7.dxc6 bxc6 8.Be2 h6, dokinsa na g5 ya koma baya. Ka ba da soja ɗaya, amma kayanka sun riga nasa fitowa.

Ɗan Fagge: Ni dai na ce ya bar 3...Nf6 gaba ɗaya. Ya yi 3...Bc5. In fari ya yi 4.Ng5, sarauniya ta cinye dokin a banza.

Mai Doki: Yaya, ai Stockfish, injin nazarin ches na kwamfuta, bai nuna na faɗi a taku na 5 ba. Kuma Nd4 ɗin nan sarauniyarsa na kai wa hari, ga c2 ma.

Baban Ummi: Harin da 9.Bxd5+ ke amsawa? Ya rama dokin da ya bayar a f7, ya fi ka soja ɗaya, sarkinka yana tsakiyar allo. In har ka shiga nan, 8...Nb4 ne, sannan c6 ya tokare d5. Inji zai iya kare wannan, kai da minti 15 ba za ka iya ba.

Alƙalin Wasa: Rashin rubutun nan shi ke damuna da kulob-kulob ɗinmu. Dokar FIDE, hukumar ches ta duniya, ba ta tilasta rubutu a wasan sauri ba, shi ya sa kowa ke zuwa da rabin wasa yana neman fatawa.

Ɗan Fagge: Ko ya gwada 4...Bc5, salon Traxler, inda ake barin f7 a mayar da hari kan f2.

Baban Ummi: Wanda bai san Na5 ba za ka tura Traxler? Haba Malam.

Mai Doki: Doki a a5, gefen allo, dai bai kwanta min ba. In na sake cin d5, ya bar f7 ya yi 6.d4 fa?