Tangaran ɗin kakarmu: tsohon na Sin ne ko na baya-bayan nan?

'Yar Gwammaja:
Assalamu alaikum. Cikin kayan jeren kakarmu da aka raba, kwanukan tangaran uku sun faɗo hannuna. Ɗaya fari ne mai zanen shuɗi, ɗaya kore-kore ne ba zane, na ukun yana da furanni ruwan hoda da ruwan ɗorawa. Mai shuɗin akwai rubutun Sinanci a gindinsa. Wani mai kayan da a Kurmi ya ce in kai masa ya gani. Kafin nan, don Allah masana, me ke kawo waɗannan launuka, kuma yaya ake gane tsoho?

Malam Na-Dala:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya. Fara da kanga musu maganaɗisu. Duk wanda ya kama, ƙarfe ne aka yi wa shafe, dangin langa da fanteka.

Tangaran na ainihi da farar ƙasa da niƙaƙƙen dutse ake yin sa, a gasa a tanderu mai zafin kusan digiri 1,300. Cibiyar sana'ar ita ce Jingdezhen a lardin Jiangxi. Sheƙin nan da kike gani gilashi ne ya narke a jikin kwanon, launin kuma daga ma'adinai yake fitowa.

Mai shuɗin, da wani ma'adini mai suna kobalt aka zana shi tun yumɓun bai ga wuta ba, sannan aka rufe da shafen gilashi aka gasa sau ɗaya. Shafa da yatsa: sumul za ki ji, don zanen yana ƙarƙashi, shi ya sa ba ya koɗewa. Wannan aiki ya bunƙasa a ƙarni na 14, da kobalt da ake kawowa daga Farisa. A na farkon daular Ming (1368 zuwa 1644) akan ga ɗigo-ɗigon baƙi inda shuɗin ya taru, saboda yawan ƙarfe a kobalt ɗin.

Koren kuwa, a ganina, shi ya fi nuna gwanintar mai wuta. Ba fenti a cikinsa. Ɗan ƙarfe ne kaɗan a shafen, sai a rage wa tanderu iska har hayaƙi ya cika shi, ƙarfen ya juye kore. Iska ta yi yawa, kwanon ya fito ruwan ƙasa-ƙasa. Na Longquan a lardin Zhejiang su suka yi suna tun zamanin daular Song (960 zuwa 1279). Duba inda shafen ya kwanta da kauri, can launin ya fi zurfi. Haka ja na tagulla yake, har ya fi wuya: iska kaɗan ta kutsa, jan ya ɓace ko ya koma kore.

Mai furannin sau biyu ya shiga wuta. An gasa shi fari, aka yi zane a kai, aka mayar wuta mai sauƙi, wajen digiri 800. Za ki ji tudun zanen a yatsa. Ruwan hodar nan daga zinariya ake samo shi, kuma bai yaɗu a Sin ba sai wajen shekarun 1720. Don haka duk wanda ya ce miki na Ming ne, bai san kayan ba.

Baban Khalifa:
Bayanin Malam ya gamsar. Ni gargaɗina a kan rubutun gindi ne, Hajiya, don nan ake cin mutane. Yawanci haruffa shida ne, ana karantawa daga sama zuwa ƙasa, daga dama zuwa hagu: biyu sunan daula, biyu sunan zamanin sarki, biyu na cewa a lokacinsa aka yi. Amma tun zamanin Sarki Kangxi (1662 zuwa 1722) maginan kan rubuta sunan Chenghua, sarkin da ya rasu a 1487, don girmama aikin da, kuma har yau masana'antu na buga irin wannan tambari. Rubutu shi kaɗai ba shaida ba ne. Idan kin ga CHINA da boko, daga wajen 1891 ne zuwa sama. "Made in China" kuma ƙarni na 20 ne.

Kifa kwanon ki dubi zoben da yake zama a kai, inda babu shafe. Na tsoho ya yi sumul don gogayya, wani lokaci da siririn layi ruwan goro a iyakar shafen. Dattin da ya fita da auduga da ruwan ɗumi lokaci guda, shafa shi aka yi. Karcen amfani yakan bi ko'ina barkatai; wanda ya bi layi ɗaya aikin sanfefa ne. A zanen ma, buroshin hannu yana barin wuri mai kauri da mai ruwa-ruwa, na inji kuwa ƙananan ɗigo ne jere idan kin ƙara girman hoton a waya. Ɗora shi a tafin hannu ki ƙwanƙwasa baki da farce: lafiyayye yana amo mai tsawo, mai tsaga sai ya ce ƙwas.

Kada ki ɗora rai a kan kuɗi. Gaskiya ne wani ɗan kofin Chenghua mai zanen kaji ya kai kusan dala miliyan 36 a gwanjon Hong Kong a 2014, amma akasarin tangaran na gidajen Kano a ƙarnin da ya wuce ya shigo, ta kantuna da tsarabar alhazai, wasu ma na Japan ne ko Ingila. Ki ɗauki hoton ciki, waje da gindi, ki ji ta bakin mutum biyu ko uku kafin a yi ciniki.

Hajiya Mai Kabet:
'Yata, ko nawa za su yi, a kula da su. Mai furannin nan kada a zuba masa kunun tsamiya, zoɓo ko nono, domin zanen saman gilashi yakan ƙunshi dalma, tsami kuma yana narko ta cikin abinci. Wanki a robar da aka shimfiɗa wa tawul, ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗigon sabulun ruwa, ɗaya bayan ɗaya. Ban da soson ƙarfe, ban da toka. Bilic ma a'a: yana shiga tsaga ya bar gishiri, daga baya ya ɗago shafen. Ruwan zafi kan kwano mai sanyi da hunturu yana tsaga shi. A ɗauka da hannu biyu ta ƙasa, a sa ƙyalle tsakani in za a jera. Idan baki ya ɓalle, a ajiye ɓallin a takarda, kada a sa sufa gulu, don yana wuyar cirewa ga mai gyara.

'Yar Gwammaja:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, mai furannin akwai CHINA da ja. Koren babu rubutu, yana da nauyi, haske kuma ba ya ratsa shi. Ko hakan aibi ne?

Malam Na-Dala:
Ba aibi ba ne. Irin na Longquan dama jikinsu kauri ne, ruwan toka, tocila ba ta ratsa su. Turo hoton zoben gindin da aka ɗauka a hasken rana. Mu ga ko ya yi ja-ja kamar bulo.